Fiyus Mai Lamba Biyar a Rokar Jauro

Jiya ina jin ɗayanku yana cewa wai aikin rewaya ba wani abu ba ne, fiyus ya tsinke, ka zare ka cusa wani, shi ke nan ka miƙa hannu a sallame ka. Ban tanka ba saboda bakina cike yake da ƙosai. Yau ba abin da nake taunawa, sai ku ajiye wayoyin nan ku gyara zama.

Tun gashin kaina yana baƙi nake ƙarƙashin wannan rumfa ta bakin titi a Birnin Kudu, ina gyaran wutar mota. In kun ce Malam Sabo za a nuna muku mutum goma, in kun ce Sabo Rewaya ni kaɗai ne. Kayan aikina ba su cika jaka ɗaya ba: filaya, sukundireba biyu, salatif, guntun dalma, wuƙar fere waya, sai fitilar gwaji da na haɗa da hannuna, ƙwai ɗaya da waya biyu. Akwai kuma gwangwanin madara da nake zuba fiyus a ciki. Abin da ya fi su duka amfani a fuskata yake, wato hanci. Rewayan da bai iya bambance warin robar waya da warin birki ba, gara ya koma sayar da rake.

Maigidan da ya koya min sana'a, Malam Isuhu, Allah ya jiƙansa, bai bar ni na taɓa akwatin fiyus ba sai da na gaji da wanke kan batir da ruwan zafi. Yakan sa in mayar da hannuna baya, ya ɗora min guntayen waya, in faɗi kaurin kowace da tafin yatsa. In na kuskure, ranƙwashi ne, kuma da filayar a hannunsa yake yi. Wata rana ya ɗauko siririyar waya ya haɗa ta da babban fiyus, ya ce in riƙe tsakiyarta, shi kuma ya taɓa bakinta a batir. Kafin in ce wani abu na yi wurgi da ita ina busa yatsu.

Ya ce, “Wa ya fara jin zafi, kai ko fiyus ɗin?”

Na ce, “Ni ne, Malam.”

Ya ce, “To da a mota ne, motar ce za ta ji. Fiyus ba ƙwan fitila yake gadi ba, waya yake gadi. An yi shi ne don ya riga ta mutuwa. Jeka ka sa hannun a ruwa.”

Lissafin kansa ba ya buƙatar dogon boko. Kowane ƙwai akwai ƙarfinsa a rubuce a gindinsa. Ka tara na duk ƙwayayen da ke kan layin, ka raba da wutar batir, wadda a tsofaffin manyan motoci ashirin da huɗu ce saboda batir biyu ne a haɗe. Abin da ya fito shi ne abin da layin yake ja. Sai ka ɗauki fiyus ɗin da ya ɗan ɗara haka, amma kada ya wuce abin da wayar za ta iya ɗauka. Ƙwayayen dashbod, wato allon agogunan da ke gaban direba, ba su fi ƙwayar gyaɗa ba, wayarsu kuma siririya ce. A motar da zan ba ku labarinta, mai lamba biyar ya ishe su har da saura.

Ku kun haddace launi a kan motocin yanzu masu fiyus mai ƙafa biyu. Ja goma, shuɗi sha biyar, rawaya ashirin, kuna rerawa kamar ana biya muku karatu. To tsofaffin motoci nasu daban ne, ɗan dogo mai tsini biyu kamar ƙwallon dabino, da siririn ƙarfe kwance a bayansa. A wurinsu rawaya biyar ne, fari takwas, ja sha shida, shuɗi ashirin da biyar. Lambar tana jikinsa, sai dai ƙarama ce ƙwarai, sai ka goge da yawu ka kai ta rana. Su kuwa direbobi ba ruwansu da launi ko lamba. Na ciro takardar kwalin sigari daga akwatin fiyus, na ciro ƙusa, na taɓa ciro ɗan kunnen mace, mai motar ya rantse bai san na wace ce ba.

Shekarar da ruwa ya cinye kwalbatin hanyarmu, manyan motoci suka koma zagaye, ni da mai faci da mai shayi muka wuni muna kallon juna. Na gyara tocila, na gyara rediyo, har dutsen gugar tela na gyara don kada hannu ya manta. A wannan shekarar mota ɗaya ce ba ta daina zuwa ba, wata tsohuwar roka mai bodin katako, domin ita yawonta bai wuce Gwaram da Sara da Birnin Kudu da ƙauyukan tsakani ba. Direbanta shi ne Jauro.

Jauro Bafulatani ne na wajen Wurno, irin waɗanda Fulatancinsu ba ya fitowa sai rai ya ɓaci. Ni kuma jikan Barebari ne, kakana da allo ya shigo ƙasar nan. Kun san wasan da ke tsakaninmu da su, in ce bawana ne, ya ce ni ne nasa, ba mai fushi. Motar ba tasa ba ce. Ta Hajiya Tabawa ce ta Gwaram, mai fataucin riɗi da gero, ta gaje ta daga mijinta har da direban. Jauro ya tsufa a kan wannan sitiyari. Shanun gidansu sun daɗe da ƙarewa, gonarsa ba ta kai shi ko tsakiyar rani, gidansa kuwa cike yake da baki. Makullin motar nan shi ke ciyar da su duka.

Zuwansa na farko a kan wannan magana, ko injin bai kashe ba ya leƙo ta taga.

“Kai bawa! Fiyus ɗinka na banza ne. Kawo min babban wansa.”

Na buɗe akwatin, rawayan ya tsinke. Na hau na leƙa gaban motar. Dama Jauro mutum ne mai son ado, ya shimfiɗa ƙyalle mai gashi a kan dashbod, ya jera furannin roba. Amma yanzu ya ƙara wani abu. Ya samo ƙwayayen sigina, manya, ya ɗaure su kewaye da agogunan da igiyar tsohon tiyub ɗin keke, ya jona su duka a kan siririyar wayar nan.

Na ce, “Jauro, biki ake yi a motar?”

Ya ce, “Gayu ne. Me Barebari suka sani a gayu, mutanen da adonsu ya ƙare a tsagar fuska?”

Na yanke su, na yi masa bayani tiryan-tiryan, na sa sabon mai lamba biyar. Ya saurare ni yana sosa haɓa. Kasuwar Sara ta gaba sai ga shi, ya mayar da su har da ƙari. Zuwa na uku abin ya girmama, domin ƙwan babbar fitilar gaba ya samo, ya sa shi cikin gwangwanin tumatir ya rataye a saman agogon gudu. Na tambaye shi ko ɗinki yake yi a hanya. Ya ja tsaki ya ce ƙwayayen yanzu duk jabu ne, ba su da haske. Ya ce, “Kai, ranar Allah ma ba kamar ta da ba ce.”

Mu rewaya muna da matsala guda. Abin da muke gyarawa sai da duhu ake ganin aikinsa, amma da tsakar rana ake kawo mana. Don haka sai mu haɗa namu daren. A jawo tamfol ɗin motar a lulluɓe kanta gaba ɗaya, rewaya da direba su shiga ciki a rufe ƙofa. Bazara ce, ko a waje mutum yana tafasa. Na sake cire tarkacensa, na bar ƙananan ƙwayaye na asali, muka shiga, gumi ya fara zuba tun kafin mu zauna. Na murɗa makunni. Agoguna suka haska tsaf, ina ganin allurar mai, ta zafi, ta iskar birki, har ƙurar da ke kan gilashin.

Jauro ya ce, “To ka kunna mana, zafi zai kashe ni.”

Na ce, “Ai na kunna.”

Sai na ji kujera ta yi ƙara, ya sunkuyo har hancinsa ya taɓa gilashin agogo.

Na ce, “Allurar iskar birki a ina take?”

Ya ce, “A inda ta saba.”

Na jona fitilar gwaji na ɗago ta kusa da fuskarsa. Ga yana nan ta yi fari a tsakiyar idanunsa biyu, na hagun ya fi, kamar an ɗiga nono a ruwa. Ya damƙe wuyan hannuna, ya yi wata magana da Fulatanci wadda ban ji ba, sannan ya dawo Hausa.

“Sabo, in Hajiya ta ji, ta karɓe makullin.” Ban taɓa jin ya kira sunana ba sai ranar. “Da rana ina lallaɓawa. Hanya kuwa a kaina take, ramin da aka haƙa jiya ma na san shi. Magariba ce kawai ke cutata in na taso daga Sara. Ka ba ni babban fiyus, ka rufa min asiri.”

Na ce, “Asirinka a rufe yake, ba daga bakina za a ji ba. Amma babban fiyus ba zai fita daga gwangwanina ba. Ka zo in kai ka asibiti a kankare yanar nan.”

Ya sake ni kamar ya taɓa wuta. “Wuƙa a idona? Kai da aka tsattsaga tun kana jariri ai ka saba. Buɗe min in fita.”

Ya naɗe tamfol ɗinsa ya tafi ba sallama. Mai shayi, wanda bai san me aka yi ba, ya ce a wannan shekarar mutum ya kori kwastomansa guda ɗaya tilo, lalle Barebari sai addu'a.

Jauro ya tafi wurin wani sabon rewaya a tashar Gwaram. Ni ban ga laifin zuciyar matashin nan ba, hankali ma ya yi niyyar yi. Ya zaro rawayan da ya tsinke, a kansa rawaya ashirin ne. Ya dubi siririyar wayar ya ce wane marar imani ne ya sa ashirin a nan, ai wannan tsohon na Birnin Kudu zai ƙona mota. Sai ya ce bari ya rage, ya sa ja, shi a nufinsa goma. Daga biyar ya kai ta sha shida, yana murna ya yi taka-tsantsan. Bai tsaya ya tambayi kansa ba yadda goma za ta riƙe abin da ya tsinke ashirin. Washegari Jauro ya wuce ta gaban rumfata a hankali yana danna hon, ya leƙo ya ce, “Yaro ƙarami ya gyara abin da ya gagare ka, kuma ragewa ma ya yi!” Na ɗaga masa hannu ya tsaya, ya ƙara mai.

Abin da ya faru ranar kasuwar Sara daga bakin wani malamin Islamiyya na ji shi, domin yana gidan gaba, shi da wani dattijo ɗan uwansa. An yi lodin gero, an taso rana na shirin faɗuwa, Jauro ya kunna kayansa, gaban motar ya haske har malamin ya ce ya ga abin da ke tsakanin haƙoran ɗan uwansa. Ba su yi nisa ba wari ya tashi. Jauro ya shaƙa ya ce, “Wa ke shan taba a motata?” Dattawan nan biyu, kowa da carbi a hannu, suka dubi juna. Sai furannin roba suka fara lanƙwashewa suna ɗiga, ƙyallen gashi ya kama hayaƙi. Malamin ya juye ruwan butarsa, bai isa ba. Ɗan uwan yana rungume da ƙwaryar fura da nono da zai kai gida, ya yi bismilla ya sheƙa ta duka. Allah ya sa Jauro ya taka birki lafiya, ya dira ya fizge kan batir. Da safe aka jawo min motar, tana warin ƙonanniyar roba da tsamin nono, ƙudaje suna rakiya.

Kafin azahar Hajiya Tabawa ta iso. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta ɗaga murya, goro ne kullum a gefen bakinta. A bayanta akwai ɗan ƙanwarta Sanusi, direba ne matashi, yana ta kallon motar kamar an riga an ba shi. Jauro ya tsuguna a gefen tayar baya ya sunkuyar da kai.

Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki. Sannan ta ce, “Malam Sabo, tsakaninka da Allah, motar ce ta tsufa ko direban?”

Na shiga uku. Ga alkawari, ga rantsuwa. Na ce, “Hajiya, labarin waya zan iya ba ki daga farko har ƙarshe. Saura kuwa ga mai shi nan.”

Jauro ya miƙe, ya tuɓe hula, ya zo ya durƙusa. Ya ce, “Hajiya, idona ne.”

Ta ce, “Na sani. Tun ranar da ka durƙusa wa ƙanwata a zaure kana ba ta labarin lodi, ni ina zaune a gefe, na sani. Jira nake ka faɗa da bakinka. Da ka kashe min dattawa biyu, da me zan ce wa garin Gwaram?” Ta miƙa hannu, ya sa mata makullin. Tausayinsa ya kama ni. Sanusi ya matso, amma sai ta miƙo min.

Ta ce, “Ka riƙe. Ranar da ya karanta maka lambar wannan ɗan abin da kuke faɗa a kansa, da idonsa, ka ba shi. In sabon riɗi ya shigo kasuwa bai karanta ba, ga Sanusi.”

A bayan babur ɗina na kai shi asibiti. Mutumin da ke sauka gangara da lodin gero ba ya ko gyara zama, sai ga shi ya ƙanƙame ni yana cewa in rage gudu. A layin jira ya tashi sau biyu, na farko wai zai yi alwala, na biyu wai ya tuna bai ɗaure akuya ba. A bakin ƙofa na kamo shi duka biyun. Ranar aikin wata 'yar siririyar nas ta daka masa tsawa ɗaya, ya kwanta kamar ɗan yaye. Da za a tura shi ciki ya riƙe rigata ya ce, “In ban fito ba, hular nan taka ce. Kuma ka shaida wa jama'a na 'yanta ka.” Aka yi na hagu, bayan ya warke aka yi na dama. Ni kuma na kwance wayoyin dashbod ɗin nan kaf, na ja sababbi, na wanke sauran furar da ta bushe a bayan agoguna.

Riɗi ya fara bushewa a gona ranar da ya zo rumfar, sanye da baƙin tabarau kamar ɗan sandan ciki. Mai shayi ya bar tukunya, mai faci ya bar taya, Sanusi ma ban san wa ya gaya masa ba sai ga shi. Na san Jauro, in na ba shi rawaya zai ce biyar ko da ido a rufe, don ya sha ji a bakina. Sai na laluba ƙasan gwangwani na samo wani tsoho da baƙin mai ya cinye launinsa, na goge wurin lambar kaɗai na miƙa masa. Ya cire tabarau, ya fita rana, ya juya shi, ya nesanta shi, ya kusanto da shi. Sanusi ya fara murmushi.

Jauro ya ce, “Takwas.”

Takwas ne. Na zaro makullin daga aljihu. Ya miƙo hannu, sai ya tsaya yana kallon fuskata baki sake.

“Innalillahi! Sabo, haka ka tsufa? Ni ina ta faɗa wa mutane bawana yaro ne, ashe ko kyauta ba mai karɓarka.”

Bayan kasuwa ɗaya ya dawo. Ya faka, ya kashe injin, ya sauko ya zauna a bencina, ba zagi ba tsokana. Na tambaye shi ko wutar ce. Ya ce wuta lafiya lau, har ta yi masa yawa.

Ya ce, “Akwai wani dattijo mai farar riga a kwanar Kiyako. Kullum in na zo wucewa yana tsaye a bakin hanya. In danna masa hon, in ɗaga hannu, bai taɓa amsawa ba. Na daɗe ina jin haushinsa, har a tasha na faɗa cewa mutanen wurin girman kai gare su.”

Na ce, “To yau ya amsa?”

Ya ce, “Ba mutum ba ne. Turken siminti ne na alamar hanya.”

Mai faci ya faɗi daga kan tayarsa, mai shayi ya riƙe ciki, ni ma har da hawaye. Jauro bai yi dariya ba. Ya bari muka gama.

Ya ce, “A wannan kwanar 'yan Islamiyya ke tsallaka titi in an tashe su da yamma. Yau na gan su. Ƙanana ne, Sabo. Wasu ba su kai tsayin tayata ba.”

Ban taɓa ganin Bafulatani ya yi kuka a gaban Babarbare ba, kuma ban so in fara ranar. Na ɗauki filayata na shige ƙarƙashin motarsa, na yi ta duba wayar da babu abin da ya same ta, har ya gama.